Yadda Na Kayar da Kawunka a Kan Kwale-kwalen Tudu

Isa,
farkon watan Sha'aban.

Zuwa ga autana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya can Sakkwato, kai da waɗanda kuke kwana ɗaki guda. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya raba ka da mugun abokin tafiya.

Mu nan gida lafiya gwargwadon hali. Babanka lafiya lau, sai idon nan nasa na hagu da har yanzu yake ruwa in rana ta yi zafi. Yayarka Saratu ta sauka lafiya can Tozai, ɗa namiji. Ba mu samu zuwa suna ba saboda hanya, amma an ce da kai yake kama wajen goshi. Baffanka Nomau ƙafar ta sake shi, har ya jingine sandar. Goggo Halima mai nono ta yi zazzaɓi ta tashi. Akuyarka ta haifi biyu, ɗaya bai zauna ba. Ni kuwa rabon da in ji ƙarfin jikina haka tun kafin in yi cikinka. Mutum guda ne ba shi da lafiya cikin dangi, shi ne Kawunka Ilu, kuma ciwonsa iri biyu ne, na ƙugu da na kunya. Na ƙugun ya fara sauƙi. Yadda anka yi ya kamu da na kunyar shi ne dalilin wagga takarda.

Na zaɓi in rubuto maka ne don wayar nan ba ta da tabbas, yau akwai sabis gobe babu. In ma an samu, kai ba ka barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa, sai "To Inna, to Inna." Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na shiga ajin manya na koyi baƙi da wasali, hannuna ba ya sauri. Ka karanta har ƙarshe.

Ban manta da abin da ka faɗa mini a tasha ba, ranar da za ka koma bayan an gama yankan gero. Ka ce mai horar da ku ya ba ka dama ta ƙarshe, wato gwajin da za a yi bayan Babbar Sallah a kan injin tuƙin kwale-kwale, wanda daga shi za a zaɓi masu zama cikin ƙungiyarku ta tseren kwale-kwale. Ka ce in ka sake faɗuwa kamar bara ba za ka tsaya roƙon kowa ba, za ka tattaro kayanka ka dawo ka shiga 'yan sa-kai. Ka faɗe shi kana dariya kana gyara igiyar jakarka. Ni ban yi dariya ba. Uwar abokinka Murtala tana nan bayan katangarmu. Tun da ya bi su daji bai dawo ba, in an taɓa ƙyauren gidansu ina jin ta tana tambaya ko shi ne. Daga ranar nan gwajin naka ya daina zama wasa a wurina.

Kai da bakinka ka ba ni labarin faɗuwar bara. Ka fita da gudu ka bar kowa baya, kafin a kai rabi idonka ya rufe, ka yi amai gaban mutane, anka ɗauke ka daga kan injin. Shi ya sa da ka dawo ka tare wurin mai walda kunka haɗa wancan abin da ke rumfarmu, da sarƙar keke da fukafukan fanka da mitar tsohon babur, tunda gudun safe da kake yi hanyar Tozai ya zama ba na mai son ransa ba. Mutanen unguwa sunka sa masa suna kwale-kwalen tudu. A bangon da ke gefensa ka rubuta tsari biyu da alli, ka ja layi tsakaninsu.

Na dama na mai horar da ku ne. Yawancin kwanakin doguwar tuƙi ce a hankali, ana ƙara mata tsawo kaɗan-kaɗan mako bayan mako. Rana guda hutu. Sai an yi wata guda ana haka kafin a shigo da kwana biyu na ja da ƙarfi cikin mako, kuma jefi-jefi akwai makon da ake rage aikin gaba ɗaya. Na hagu daga waya ka kwafo shi. Gajere ne, amma kullum wuta. Ka ja iyakar ƙarfinka, ka ɗan numfasa, ka sake, ka sake, har sai hannu ya kasa riƙe sandar da ake ja, kuma an yi maka alkawarin kafin wata biyu ka zama wani abu.

Na tsaya bayanka na ce wanne za ka bi. Ka nuna na dama da allin ka ce, "Inna, wannan ai na tsofaffi ne." Kawunka yana zaune bisa turmi ya ce, "Gaskiyar yaro. Mu da munka yi kokawa ba mu san wani a hankali ba." Na ga yadda fuskarka ta washe. Na daɗe da sanin maganar Kawunka ta fi tawa nauyi a kunnenka.

Bayan tafiyarka na yi ta kallon bangon nan. Ba ni da ilimin da za ni ce wanga ya fi wancan, kuma na san in na yi magana za ka ce tsoro ne, kuma da gaskiyarka, tsoro ne. Sai wata safiya ina shara na ce a raina, tunda na tsofaffi ne, ai ga tsohuwa a gida. Da na je asibiti karɓar maganin hawan jini na tambayi malamar da ke duba ni. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta auna ni ta ce in fara da kaɗan, kada in bar shan magani, kuma in na ji ciwon ƙirji ko jiri in sauka nan take. Babanka da na gaya masa sai ya ce, "Ki dai sa wando ƙarƙashin zanen."

Ranar farko na yi kuskuren da duk macen da ta tashi a Tozai za ta yi. Na kama sandar na ja ta kamar guga daga rijiya, da hannu da gadon baya. Washegari a zaune na yi sallar Asuba. Ina kwance ina jinyar bayan sai na tuna abin da kake maimaitawa kamar karatu in kana bisa injin: ƙafa, baya, hannu, sannan hannu, baya, ƙafa. Ashe abin turawa ne da ƙafa, jan hannun a ƙarshe yake zuwa. Da na gane haka bayana ya huta. Amma na lura da wani abu da nake son ka riƙe. Duk ranar da na gaji, jikina komawa yake ga jan guga ba tare da ya tambaye ni ba. Kai ma kana da irin naka jan gugan. Tsarin da zai riƙa kai ka ga matuƙar gajiya kullum, kullum mummunan ja yake koya maka.

Kuskure na biyu, ban san mi ake nufi da a hankali ba. Ina tsammanin a hankali nake, ashe gudu nake, domin kafin tukunyar koko ta tafasa numfashina ya ƙare. Goggo Halima ce ta warware mini, ba da saninta ba. Ka san tun da sunka baro Kurawa take kawo mana nono da hantsi, kuma ka san gaisuwarta ba ta da gajeriyar hanya. Ta shigo ta iske ni bisa injin, ta sauke ƙwaryarta, ko mamaki ba ta nuna ba ta fara.

"Ina kwana, uwar Saratu?"

"Lahiya," na ce da ƙyar.

"Ina gajiya? Ina maigida? Ina idon nasa? Ina labarin ta Tozai? Ina yaronmu na Sakkwato?"

Na buɗe baki, iska kawai ke fita. Ta dube ni ta ce, "Ke, lahiya? Ko na yi miki laihi na?" Kunya ta kama ni. Ban so in sauka ba, ban kuma so in bar dattijiya ba amsa ba, sai na rage jan har na iya cewa lahiya lau, ya yi sauƙi, suna gaishe ki. Munka gama tata gaisuwar, ni ma na tambayi shanunsu da sunka rage da jikokinta ɗaya bayan ɗaya, munka shiga hira. Sai da ta tashi tafiya na lura ban tsaya ba tun zuwanta, gumi ya jiƙa mini riga, kuma da za a ce in ci gaba da na ci gaba. Na duba mitar, na yi ninkin abin da na saba.

Daga ranar na samu ma'aunina. In na iya amsa gaisuwa cikakkiya ina tuƙi, to daidai nake. In amsar ta fara tsinkewa, na wuce. Na koma bangon na sake karanta na dama, sai ga shi a rubuce da hannunka a ƙasa, ƙanana: yadda za ka iya magana. Malaminka ya riga ya faɗa, kai ka rubuta, amma ba ka tsaya ka ji ba.

Ya tuna mini da shekarar da anka yi bikin ƙanwar babanka. Ina sabuwar amarya, anka tara mu dakan biki. Na ga dangin miji sun zuba ido, na ɗauki taɓarya na riƙa lugude kamar ni kaɗai Allah Ya ba hannu. Anka yi ta yabona. Kafin a sauke turmi na biyu ina zaune gindin bango ana yi mini fifita, tsofaffin da nake ganin sun yi sanyi su sunka daka geron nan har La'asar suna waƙa. Abin da ya same ka bara ke nan, ba wani abu ba. A wurina ka gado shi. Kada ka bari idon mutane ya zaɓa maka saurin da za ka fara da shi.

To, ana haka sai Kawunka ya dawo daga Maraɗi ya iske ni ina tuƙi. Ya tsaya ya riƙe ciki don dariya.

"Yaya, ina zuwa? In Sabon Birni za ki, ki sauka ki hau jaki, ya fi wanga sauri."

Na ce, "Sannu da hanya, Ilu. Ina kasuwa? Ina iyali?"

"Ki bar wahal da ƙarhen yaro. Tashi ki ga yadda maza ka yi."

Ya tuɓe babbar riga ya hau ya ja, fankar ta yi ƙara har kaji sunka watse. Ya sauka yana haki ya ce shi zai bi na hagu, don ya nuna mini abin da ya sa ya goyi bayanka. Nan munka yi sharaɗi gaban babanka. Kowa ya bi nasa tsarin har ƙarshen sanyi, sannan a gwada rabin awa, irin dogon gwajin da ka ce ana yi muku kafin gajeren. In ya ci, in kama bakina kan maganar horonka har abada. In na ci, shi da kansa zai ce maka ka koma ga tsarin malaminka.

Ba za ni ɓoye maka ba, makonnin farko na tsorata. Tsarin wayar nan yana aiki da sauri. Kawunka kullum sai ya zo da yamma ya yi ta fizga, kuma mitar tana nuna ƙaruwa a fili, tumbin ma ya fara sauka. Ni kuwa ina nan jiya kamar yau, ina amsa gaisuwa. Har na fara cewa a raina ko yaron nan shi ke da gaskiya, ni ce za ni ɓata masa. Saboda wanga tsoro na yi kuskure na uku. Ranar Juma'a ita na ware ta hutu, sai na ga kamar asara ce, na riƙa hawa har da ita. Ba a daɗe ba ƙafafuna sunka zama kamar an ɗaura musu dutsen niƙa, in na farka da safe zuciyata tana bugu kamar na yi gudu, abinci ya fita raina. Na koma ga hutun, makon ragewa ya zo na rage kamar yadda anka rubuta ko da raina bai so ba. Makon da ya biyo baya na hau na ji kamar an sa wa sarƙar mai. Nafi'u, ranar hutu tana cikin aikin. Wanda ya rubuta ta ba ragwanci ne ya sa shi ba. Na san halinka, in ka ga abokanka sun tafi horo kai kana zaune sai ka ji kamar an sace maka wani abu. Ka zauna.

Shi kuwa Kawunka, da wata na biyu ya kama, mitar ta tsaya masa cik. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙi. Matarsa ta ce mini ba ya barci sosai, ga faɗa ba dalili, ga tari da ya ƙi tafiya. Ya fara zuwa yau, gobe ya ce yana da lodi. Wata yamma yana tsakiyar fizga sai ga Baffanka Nomau ya yi sallama, kuma ka san shi ne uban matarsa. Dattijo ya tsaya ya ce, "Ilu, barka da yamma. Ina gida?" Kawunka ya saki sandar zai durƙusa, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya buɗe baki babu abin da ke fita sai huci kamar sa ya sha gudu. Baffanka ya jira, ya sake jira, sannan ya juyo gare ni ya ce, "In ya dawo daga inda ya tahi, ki ce ina gaishe shi."

Kada ka ɗauka ina cewa a hankali kaɗai ya isa. Nan ma na yi nawa kuskuren, na huɗu ke nan. Lokacin shigo da kwana biyun nan na ƙarfi ya yi, na ƙi. Na ji daɗin tuƙina mai hira, kuma ina tsoron hakin nan. Sai wata rana Kawunka ya ce mu ɗan taɓa gajere, na minti biyu, don wasa. Ya bar ni kamar an ɗaure ni a turke. Na nemi saurin a jikina na rasa, don ban taɓa koya masa ba. Na koma wurin malamar asibiti, ta sake auna ni ta ce jinin ya sauka sosai, in gwada amma da hankali. Na fara, Litinin da Alhamis. Ranakun nan ba a gaisawa da ni, Goggo ma ta sani, ajiye nonon take ta wuce. Amma da yake kwana biyu ne kawai, kuma na shigo su da hutu a jikina, ina iya ba su haƙƙinsu. Kawunka da yake yi kullum, ƙarfin nasa ya zama rabi-rabi, bai huta ba bai kuma yi gudu ba. Bambancin tsarin biyu ke nan yadda na gan shi da idona. Na hagu yana da abu guda mai kyau, ya maimaita shi har ya lalata shi. Na dama yana da wannan abun shi ma, amma ya gina masa wurin zama tukuna.

Ranar gwajin Asabar ce bayan La'asar. Ban gayyaci kowa ba, amma matan unguwa sunka cika tsakar gida, har da masu leƙe ta katanga. Baffanka Nomau ya sa anka kawo masa kujera. Babanka shi ne alƙali, ya karɓi agogon hannun Kawunka, wanda yake kira mantur tun da ya sayo shi Maraɗi, ya ce zai raba lokacin uku, duk kashi ya rubuta abin da mitar ta nuna a bango.

Kawunka ya ce shi zai fara, don in ga lambar in haƙura ba sai na hau ba. Ya fara kamar an sako shi daga mari. Fankar tana kuka, mata suna salati. Kashi na farko babanka ya rubuta lambar, ta kuwa fi yadda na zata nesa ba kusa ba. A kashi na biyu bakinsa ya buɗe, kafaɗu sunka hau kunne, ya koma jan guga sak irin nawa na ranar farko. Can ya tsaya ya dafe ƙugu. Baffanka ya ce, "Ilu, an iso ko?" Ya sake kamawa don kunya, ya ja jiki har lokaci ya cika, ya mirgino bisa tabarma ya kwanta rigingine.

Na yi bisimilla na hau. Na fara yadda na saba. Kashi na farko ya cika, babanka ya rubuta tawa ƙarƙashin tasa, tazarar ta yi yawa har wata ta ce, "Wayyo, uwar Saratu, ki ƙara mana!" Wallahi Nafi'u na ji amaryar nan ta dakan biki ta taso mini, hannuna har ya fara sauri. Sai Goggo Halima ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ina wuni, uwar Saratu?"

Na ce, "Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina yaronmu na Sakkwato?"

Na ce, "Yana nan lahiya, kuma can zai zauna in Allah Ya so."

Numfashina ya koma wurinsa. Kashi na biyu ya cika, tazarar ta rage saura kaɗan. Kawunka ya tashi zaune. Da babanka ya ce an shiga na ƙarshe na ce wa Goggo, "Gaisuwa ta ƙare." Na kira Litinin da Alhamis ɗina, sunka amsa. Ƙafa, baya, hannu. Ban ga kowa ba, ban ji kowa ba, sai sarƙa da iska. Ban san sa'ad da na wuce shi ba, guɗar Goggo ce ta gaya mini, sauran mata sunka ɗauka har maƙwabta sunka aiko tambaya ko haihuwa anka yi. Kuma lokaci bai cika ba, na ci gaba da ja har babanka ya ɗaga hannu. Na sauka da ƙafafuna, ba wanda ya riƙe ni. Na gyara ɗaurin kallabina na je na durƙusa na gaida Baffanka, gaisuwa cikakkiya.

Babanka, da ka san dariyarsa sai an yi da gaske, ya juya fuska ga bango kafaɗunsa suna rawa. Kawunka ya ce, "Yaya, ke dai aljanu gare ki." Na ce, "Ga su can rubuce a bango, ɓangaren dama. Kai ma ka iya karanta su."

Ban fi Kawunka ƙarfi ba, kai ma ka sani. Buhun da yake ɗagawa da hannu guda ni ko jan shi ba ni iyawa. Shekaruna sun fi nasa, ga hawan jini. Abin da ya raba mu tsari ne kawai. To in tsarin nan ya yi wa tsohuwa haka a kan ƙarfen walda, mi kake tsammani zai yi wa saurayi mai ƙirji irin naka a kan injin gaske?

Kawunka ya cika alkawari. Jiya ya zo yana ɗingishi ya ce in rubuta maka wanga da bakinsa, ya kuma sa hannu a gefen takardar, za ka gani: "Nafi'u, ni Kawunka na ɓatar da kai. Ka bar na wayar nan. Kokawa daban, wanga abu daban. Kuma in ka ba wani labarin ga a Sakkwato, ba ni ba kai."

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Ka je wurin mai horar da ku ka gaya masa gaskiyar abin da kake yi tun kaka, kada ka rage komi. Ba zai kore ka don gaskiya ba, mutumin da ya ba ka dama ta biyu yana son ka ci ne. Ka ce ya duba lokacin da ya rage zuwa bayan Layya ya gyara maka tsarin, shi ya san yadda za a yi, ni iyakata bangon rumfa. Ka tambaye shi yadda za ka yi da azumi, don ga shi ya ƙarato. A ganina wata ne da ya dace da doguwar tuƙi marar gaggawa bayan an sha ruwa, amma nasa za ka bi ba nawa ba. Ka sha ruwa da yawa tsakanin buɗa-baki da sahur, ka ci abinci na gaske, kada ka rayu da burodi da shayi. Na ba direba ƙullin fura da ƙuli-ƙuli da 'yar jarkar man shanu daga Goggo. Makonnin farko za ka ga kamar kana komawa baya, abokanka za su yi maka irin dariyar da anka yi mini. Ka bar su. Ranar gwaji kuma, in ka ga na kusa da kai ya fita da gudu, ka bar shi ya tafi. Za ka iske shi a hanya ya dafe ƙugu.

Maganar da ka yi a tasha kuwa, ban raina masu tsaron garin nan ba, kullum suna cikin addu'ata. Amma ban yarda ka mai da ranka abin huce haushin faɗuwar gwaji ba. Da can ba ni da abin da za ni riƙe ka da shi sai hawaye. Yanzu ina da lamba rubuce a bango, ta Kawunka a sama tawa a ƙasa, kuma na hana kowa gogewa sai ka zo ka gani da idonka.

Allah Ya ba ka sa'a, Ya ƙarfafa ƙafarka da numfashinka, Ya sanya maka haƙuri a farko da ƙarfi a ƙarshe. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya dawo wa kowace uwa da ɗanta. Babanka yana sa maka albarka. Baffanka da Goggo da matan unguwa duk suna gaishe ka.

Ina son amsarka kafin a ga watan azumi. Ka ba direban da ya kawo maka wagga, ka rubuta mini a fili wane tsari kake bi da abin da malaminka ya ce. In kuma Allah Ya sa sabis ya dawo kafin nan, ka kira ni kana bisa injin, ka sa wayar kusa da bakinka, ka gaishe ni. Ba "To Inna" ba, gaisuwa tun daga farko. Za ni tambaye ka kwana da gajiya da abokai da malamai, kai kuma ka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har kan akuya da ɗanta. In ka kai ƙarshe muryarka ba ta tsinke ba, ba sai ka gaya mini komi ba, za ni sani.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna.